Ranar da Baba Lawan Ya Sha Gahawar Baffa

Duk layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda bai san cewa mai shiga falon Baffana, Alhaji Abdulmalik, sai ya shirya wa gahawa ba. Shekara ashirin da shida ya yi a Jidda yana ɗinki. Da ya tashi dawowa Kano, abin da ya taho da shi bai wuce uku ba: ciwon gwiwa, da kalmar "yalla" ta Larabawa, wato "maza-maza", da wata butar tagulla mai dogon baki wadda yake kira dalla. Ita wannan dalla, in da gobara za ta tashi a gidanmu, Allah ya kiyaye, na rantse ita zai fara fitarwa kafin ya tuna da mu.

Dokar falon nan guda ce, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara. Baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya gama shan gahawa. Baffa da kansa yake zubawa, a tsaye, dalla a hannun hagu, finjali a dama, kuma ba ya zama sai baƙo ya ƙoshi. Finjalin ɗan mitsitsin kofi ne marar mariƙi, ba a ma cika shi, kurɓi biyu ne ko uku. In ka shanye ka miƙo, a ƙara maka. In ka ce "na ƙoshi" da baki, Baffa ya ce kara ce irin ta Bahaushe, ya ƙara maka. Hanyar tsira ɗaya ce tak: ka ɗan girgiza finjalin a tsakanin yatsunka kafin ka miƙa. Haka ya gani a can, haka kuma ya ɗora wa mutanen Gyaɗi-Gyaɗi. Maƙwabta duk sun haddace darasin. Uku suke sha, su girgiza, su faɗi buƙatarsu, su fita suna neman ruwan kurkure baki.

Ni ce Basira, nas a asibitin koyarwa. Tun ina shekara tara mahaifina ya rasu, Baffa ya ɗauke ni, shi da matarsa Umma Uwani suka raine ni. Saboda haka aurena a hannunsa yake. Wanda nake so kuwa Mu'azu ne, ɗan Adaidaita Sahu da ke zaune a Darmanawa, wanda ya shekara biyu yana kai ni aiki yana kirana Sista kafin ya iya haɗa jimla guda da ba ta shafi hanya ba. Ina son sa, ba na ɓoyewa. Ranar da Umma ta kai wa Baffa maganar, ya daɗe yana goge dallarsa kafin ya ce, "Nas guda, da ɗan sahu? To. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Manyansa su zo in gan su. Sau ɗaya nake kallon mutum in gane shi."

Babban Mu'azu kuwa mutum ɗaya ne a duniya, Baba Lawan, wan mahaifinsa, mai kiwon awaki a wani ƙauye can bayan Sumaila. Wata bakwai Mu'azu ya yi yana lallaɓa shi kafin ya yarda ya tako Kano. Ya kuma kafa sharaɗi: zuwa ɗaya zai yi, shi kaɗai, domin magana ɗaya ba ta buƙatar baki biyu, kuma motar ƙarshe ta tashar Unguwa Uku ba za ta tashi ba shi ba, don ba ya kwana nesa da awakinsa. An ce mutum ne da in ya yi magana biyar a yini, mutanen gida su ce yau Baba ya yi surutu.

Kun ga ke nan dama ɗaya gare ni, daga la'asar zuwa magariba. Don haka na zaunar da Mu'azu a cikin kekensa, na ɗauki murfin kwalba na gwada masa. "Uku kawai zai sha. Sai ya yi haka, ka gani? Ya girgiza. Maimaita."

Ya maimaita har sau huɗu, yana dariya. "An gama, Sista. Ki kwantar da hankalinki."

Da ma na san duk wanda ya ce maka ka kwantar da hankalinka, shi ne zai tayar da shi.

Ranar Asabar ana idar da sallar la'asar Baba Lawan ya yi sallama. Tagar falon Baffa tana kallon tsakar gida, don haka na ɗauko faranti na tsuguna a ƙarƙashinta wai ina tsintar shinkafa, ido ɗaya a gefen labule. Dogon tsoho ne siriri, da shuɗiyar riga mai sauran karin ninki, ya ajiye takalmin robarsa da sandarsa a bakin ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi hanya da damina da mutanen gida. Amsarsa ba ta wuce "lafiya lau" da "mun gode Allah". Sai Baffa ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ɗauki dalla.

Ta farko irin ta Saudiyya ce, wadda ba a bari ta soyu sosai, ruwanta fatsi-fatsi, da ƙamshin wani ɗan kayan yaji da Baffa yake kira hel, babu ko ƙwayar sukari. Baba Lawan ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Na ga maƙogwaronsa ya tsaya cak yana shawara. Sannan ya haɗiye, ya ce, "Madalla," ya miƙa finjali.

Aka zuba na biyu. Aka zuba na uku. Na riƙe numfashi, na daina ko motsa shinkafa. Ya shanye, ya miƙa da hannu biyu, finjalin a tsaye ƙyam, ko ƙuda ba zai tashi daga kai ba.

Baffa ya ɗaga gira, ya zuba na huɗu.

A na shida na yar da farantin na ruga bayan kicin na kira Mu'azu a waya, wanda ya ajiye kekensa a bakin layi yana jira.

"Ka gaya masa?"

"E to... na fara."

"Ka fara? Me ka ce masa?"

"Sista, ki duba fa. Ta yaya zan dubi tsabar idon Baba in koya masa yadda ake shan abu? Kuma a kan maganar aurena? Wallahi na buɗe baki sau uku a hanya, kunya ta rufe shi. Na dai ce masa gidan manya ne, a yi hattara."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce shi ba yaro ba ne. Ya ce ba a mayar da hannun kyauta baya, duk abin da aka zuba masa sai ya ga ƙarshensa."

Ga mai gidan da ba ya daina zubawa sai an girgiza, ga baƙon da ba ya daina sha sai an daina zubawa. Kuma maganar aurena tana zaune a tsakaninsu, babu mai ikon taɓa ta.

"Kira shi yanzu-yanzu!" na ce.

Na koma gindin taga daidai lokacin da wayar tsohon ta ɗauki kuka a aljihu. Ya zaro ta, ya kara a kunne, ya ce, "Mu'azu, ina gaban mutane." Ya danne ta har ta mutu gaba ɗaya, ya mayar aljihu, ya miƙa finjali.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Baffa murna yake yi. Shekara goma sha bakwai da dawowarsa, bai taɓa samun wanda ya haura uku ba. Fuskarsa har wani sheƙi take yi. Ya leƙo ƙofa ya ɗaga murya, "Hajiya! Yalla, a ɗora ta Habasha! Yau Allah ya kawo mana masani!"

Umma Uwani ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Masani? Bawan Allahn nan kamar mai shan maganin shawara yake haɗiya."

"Umma, ki shiga ki gaya masa mana."

"Ni? Ki rufa mini asiri. Na taɓa gaya wa wani baƙo ya girgiza, Baffanki ya ce na kori baƙonsa, kwana uku bai ci tuwona ba."

Ta dai soya 'ya'yan gahawar a kasko har suka yi baƙi, hayaƙi ya cika gidan, na daka a ɗan turmi. Da ta zo haɗawa ta yi dabara, ta tsuga ruwa ya fi ƙima. Baffa ya karɓa, ya shinshina bakin dallar, ya miƙo mata. "Wannan ai wankin dalla ne, Hajiya. A sake." Aka sake.

Sai Umma ta ce bari ta gwada wata. Ta ɗauki finjali marar komai, ta je ta tsaya a bakin taga ta bayan Baffa, ta ɗaga labule, ta shiga girgiza shi a iska tana zare wa baƙo ido. Baba Lawan ya hango ta, ya yi sauri ya sunkuyar da kai, don ba ya kallon matar mutane. Ta ƙara girgizawa har awarwaronta na ƙara. Ya sake satar kallo, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, kamar Hajiya ma tana so a san mata."

Kafin Baffa ya gama juyowa Umma ta saki labule ta faɗo kaina, muka zube kan shinkafa. Ita dariya, ni hawaye, kowa ta toshe bakinta da mayafi.

A wajen finjali na tara aka fara ganin canji. Da farko ƙafarsa ce ta soma kaɗawa a kan darduma. Sannan ya tura hularsa ƙeya. Baffa yana zubawa yana karatu, don ba ya iya ba mutum gahawa bai ba shi tarihinta ba. Ya ce abin nan da ake dakawa ƙwallon wani ɗan itace ne ja, kamar magarya. Ya ce malaman Yaman ne suka fara riƙe ta don su daɗe suna ibada barci bai sace su ba. Ya ce ko a nan ƙasar tana fita a tsaunin Mambila, amma mutanenmu sun fi gane ta gwangwani da mai shayi yake kaɗawa da madara, wadda a wajen Baffa ba gahawa ba ce, cin mutunci ne.

"Asalinta kuwa, Malam Lawan, wai an ce wani makiyayi ne a ƙasar Habasha ya ga awakinsa sun ci 'ya'yan wani itace, suka kama tsalle-tsalle sun ƙi kwanciya."

"Awaki?" Baba Lawan ya gyara zama. "Ka ce awaki, Alhaji?"

"Awaki."

"To ai magana ta ƙare! Akuya ba ta ƙarya. Tunkiya ce sakarya, duk abin da ta gani sai ta ci. Amma akuya, in ka ga ta sa baki a abu, to ta yi bincike. Ina da wata ja, Kyalla, wadda in za a yi ruwa tun da hantsi take shiga rumfa. Liman ma wajenta yake leƙawa kafin ya shanya hatsi. Uwarta kuwa, Allah ya ji ƙan akuya in ana jin ƙanta..."

Ya ɗauko tarihin Kyalla tun daga kakarta. Mutumin da aka ce magana biyar yake yi a yini, sai ga shi yana zuba kamar an ɓalle bakin famfo. Har ya miƙe ya gwada yadda bunsurunsa yake tafiya in ya ci dusa ya ƙoshi, ya zagaya teburin falo da hannu a baya, ya dawo ya zauna, ya miƙa finjali. Baffa yana dariya har dalla na rawa a hannunsa, gumi na bin wuyansa, ya jingina ƙugu da kujera saboda gwiwa, amma bai zauna ba.

"Hajiya! Ta Sudan! A sa citta da masoro!"

Ta Sudan baƙa ce wuluk, mai yaji. Baba Lawan ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Madalla! Wannan ta san inda mura take kwana." Ya share hawaye da hannun riga. "Alhaji, wani abin mamaki, tun ɗazu idona ya washe. Ka ga dardumar nan? Ina iya ƙirga zarenta. Kunnena har tafasar miya nake ji a maƙwabta. Wannan abu in aka ba limaminmu ranar Juma'a, sai an kira la'asar yana kan huɗuba."

Sau biyu yana kama hanyar maganar. Ya ajiye dariya, ya ce, "To Alhaji, abin da ya kawo ni..." Ni kuma zuciyata ta yi tsalle ta dawo. Sai Baffa ya ɗaga dalla. "Sai an gama gahawa, Malam Lawan. Ba a haɗa ta da magana." Tsoho ya dubi finjalin da aka sake miƙo masa, ya dubi agogon bango, ya karɓa.

Da ya ga an hana shi babbar maganar, sai ya shiga ƙananan. Kuma duk a kan Mu'azu.

"Yaron nan namu, Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, tsoron kwaɗo yake yi. Ƙato da shi. Ka ajiye masa kwaɗo a bakin ƙofa, ya kwana a waje. Sannan ga mantuwa. Na taɓa aikensa kasuwa da awaki uku, ya dawo da igiya. Ga barci, in ya kwanta sai ka yi kamar za ka kira mai wankan gawa. Kuma bai iya ciniki ba, in mai saye ya marairaice masa sai ya ba shi har da kuɗin mota."

Na dafe kai. Wannan neman aure ne ko kai ƙara? Na ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Wayata tana ta zuga a cinyata, Mu'azu ne yake tambaya, "Yaya ake ciki? An fara?" Na rubuta masa, "An fara tona maka asiri, matsoracin kwaɗo." Bai sake turo komai ba.

Rana ta sauka daga kan katanga. Inuwa ta cinye tsakar gida. Ni kuma tsoro biyu ne suka haɗu mini. Na ɗaya, magariba ta kusa, mota za ta tashi, tsoho zai ɗauki sandarsa ya tafi ba a ce komai ba, kuma na san ba zai sake zuwa ba, Baffa ma ba zai sake ba da wata dama ba. Na biyu tsoron aikina ne. Mutum ya doshi saba'in, cikinsa bai san abin da ya wuce koko da fura ba, an ɗura masa gahawar ƙasa uku. Ina hango jijiyar gefen goshinsa tana bugawa daga inda nake.

"Hajiya! Ta Turkawa!"

Umma ta ce, "Inna lillahi. Sai ya zagaya da shi duniya."

Ita ta Turkawa garinta a ciki yake kwanciya kamar laka, ba a shan na ƙasan. Baba Lawan ya shanye ruwan, ya leƙa, ya ga saura. Ya sa ɗan yatsa ya kwashe lakar tas ya lashe, ya miƙa finjali fes kamar an wanke.

Baffa ya ce, "La ilaha illallahu. Ko Baturke bai taɓa yin haka ba."

Na goma sha bakwai ke nan. Na goma sha takwas ya wuce. Baffa ya daina dariya, leɓensa ya bushe, ƙafarsa ta hagu tana karkarwa a fili. Ya zuba na goma sha tara kamar mai ɗaga buhu. Daga masallacin layi na ji ladan yana hura lasifika yana gwadawa. Na ce shi ke nan, Basira, aurenki ya narke a cikin dalla.

Baba Lawan ya shanye. Ya ɗago finjalin zai miƙa. Sai hannun ya ƙi. Ya kama rawa shi kaɗai, kar-kar-kar, finjali na kaɗawa a tsakanin yatsu. Ya sa ɗaya hannun ya tallafa, shi ma ya kama.

"Alhamdu lillahi!" Baffa ya faɗa da ƙarfi, ya dire dalla, ya zube a kujera kamar an yanke igiya. Ya kama gwiwa da hannu biyu yana nishi. "Alhamdu lillahi Rabbil alamina. Ka girgiza."

"Na me?"

"Ka girgiza finjali. Alamar ka ƙoshi ke nan. Ai da ba ka girgiza ba, har isha'i ina tsaye."

Baba Lawan ya dubi hannunsa, ya dubi Baffa. "Wallahi ba ni na girgiza ba, Alhaji. Hannun ne ya yi gaban kansa. Wato da na yi haka tun farko, da an ƙyale ni?"

"Tun a na farko ma."

Tsoho ya ajiye finjalin a kan darduma. Sannan ya ce, "To tun da gahawar nan ta hana bakina rufuwa, bari in faɗa. Tsakani da Allah, tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa abu mai ɗaci irin wannan a bakina ba. Na sha maɗaci, na sha sabara, duk zuma ne a kanta."

Umma ta damƙe hannuna. Mutum ya zagi gahawar Baffa a falon Baffa! Na rufe ido ina jiran a nuna masa ƙofa.

Baffa ya ce a hankali, "To me ya sa ka sha goma sha tara?"

"Kana tsaye a kaina, da furfurarka, kana miƙo mini da hannunka. In ce maka me? Kai fa, me ya hana ka zama? Tun ɗazu nake jin gwiwar nan tana kuka."

"Baƙona bai ƙoshi ba, in zauna?"

Suka dubi juna. Ban san wanda ya fara ba, sai dai na ji falon ya ɗauka. Tsofaffi biyu suna ƙyaƙyata dariya, ɗaya riƙe da gwiwa, ɗaya riƙe da hannun da ya ƙi tsayawa, har Baffa ya sarƙe yana tari. Umma ta zauna daɓas a kan shinkafa tana share ido.

Da dariyar ta lafa, Baba Lawan ya gyara hularsa, muryarsa ta sauka.

"Yanzu an gama gahawa, ko? To ga abin da ya kawo ni. Ba roƙo na zo yi ba, Alhaji. Zuwa na yi in ce kada ku ba shi."

Na damƙe gefen labule.

"Yaron nan tun yana goye uwarsa da ubansa suka bar mini shi. Ni na tauna na ba shi. Da ya ce mini 'yar birni yake so, mai aikin asibiti, 'yar gidan Alhajin da ya zauna a ƙasar Makka, ban yi barci ba. Na ce za su karɓe shi su mayar da shi ɗan aike, in na zo ganinsa a shimfiɗa mini buhu a zaure. Na ce gara in zo da kaina in kashe maganar cikin mutunci. Aibobinsa da ka ji ina lissafawa, da gangan ne. Sau biyu ina buɗe baki in faɗa, kana toshe shi da finjali." Ya dubi gwiwar Baffa. "Amma gidan da mai shi zai tsaya tun la'asar a kan gwiwa mai ciwo saboda makiyayin awaki mai takalmin roba, ba gidan raini ba ne. Na janye. Ina roƙa wa ɗana Mu'azu auren 'yarku. Tsoron kwaɗon dai gaskiya ne, ba zan janye shi ba."

A gindin tagar nan lissafin ya faɗo mini. Da Mu'azu ya isar da saƙona, da tsohon nan ya girgiza a na uku, ya faɗi abin da ya zo faɗa, ya kama motarsa da sauran rana.

Baffa ya gyara zama. Ladan ya ɗaga murya a waje.

"Ni ma, Malam Lawan, tun jiya nake gyara wata a'a mai laushi da zan ba ka ka tafi da ita. Na ce ɗan sahu ba zai iya riƙe mini marainiya ba." Ya ja numfashi. "Wanda ya tashi a hannun mutumin da zai sha ɗaci sau goma sha tara don kada ya kunyata wani, zai iya. Na ba shi."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Daɗi ne ya yi mini yawa, na rasa inda zan sa shi. Umma ta rangaɗa guɗa rabi, ta tuna ana kiran salla, ta haɗiye sauran.

Ta gefen labule na ga Baba Lawan yana ƙoƙarin miƙewa, hannun nan yana ta kaɗawa, ya dafa kujera ya koma. A al'ada, yarinyar da aka zo nema ba ta ko gilmawa ta ƙofar falo. Na san haka sarai. Na ruga ɗaki na suro na'urar awon jini daga jakar aikina, na ja mayafi, na faɗa falon da hawaye shaɓe-shaɓe a fuska, na durƙusa a gabansa.

"Baba, ina wuni. Don Allah miƙo hannunka."

Ya ja baya, ya dubi Baffa. "Wannan fa?"

Baffa ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. "Ita ce."

Tsoho ya dube ni. Sannan ya naɗe hannun shuɗiyar rigarsa, ya miƙo mini siririn hannun nan mai rawa.

"Riƙe shi da kyau, 'yata," ya ce. "Ni dai ya fi ƙarfina."

Na riƙe shi da hannu biyu.